Yadda ake tantance babbar lamba da hannu: aiki da 1 267 000 da maƙwabciyarta

Duk wanda ya zauna ajin labarin ƙasa a Tawa ko a Yamai ya san 1 267 000, domin ita ake bayarwa a matsayin faɗin Nijar da murabba'in kilomita. Da ita za mu yi aiki a nan. Tana da alƙaluma bakwai, ta isa a sha aiki a kanta, amma ba ta fi ƙarfin kaye da bik ba.

Tambayoyin da ake yi wa lamba irin wannan sanannu ne. Cika ce ko mara? Me da me ke raba ta ba saura? Masu raba ta nawa ne? Murabba'i ce, wato wata lamba sau kanta? Wane rukuni take ciki? Ɗalibai kan bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata dogon lissafi, kuma wannan wahalar banza ce. Aiki ɗaya ne mai nauyi: a warware lambar zuwa ƙananan lambobin da aka ninka aka same ta, har a kai ga waɗanda ba su ƙara rabuwa. In aka gama wannan daidai, sauran amsoshin kusan karanto su kawai ake yi.

Lambar da ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, za mu kira ta gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47 da sauransu. Ita 1 ba ta cikinsu. Ka rubuta wannan jerin a gefen takardarka kafin ka soma, ka ja shi aƙalla har 97. Guda 25 ne a ƙasa da 100. Ka tanadi na'urar lissafi ko ta salula, amma don duba aiki kawai.

Fara da rubuta ta daidai

A lakwal a Nijar ana raba dubbai da tazara, waƙafi kuma na abin da bai kai ɗaya ba ne: 1 267 000 da 2,5. A Najeriya waƙafi ne ke raba dubbai, ɗigo ne na ɓangare: 1,267,000 da 2.5. Ɗan kasuwar da ke karɓar takardu daga Ƙonni ko Illela yana gamuwa da duka biyun. Salula da yawa ma suna zuwa da tsarin Turancin Ingilishi, sai mutum ya ga 1,267 ya ɗauka ɗaya da ɗan abu ne. Ka zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kansa. A nan tazara muke bi.

Ka ƙirga alƙaluman daga dama, uku-uku: 000, 267, 1. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin da bakwai. In kuɗi ne, jaka 1267 ke nan, ko dala 253 400, tun da dala tamma biyar ce.

Gwajin da ido ke yi

Na ƙarshenta 0 ne, saboda haka cika ce, kuma 5 da 10 suna raba ta. Don gwada 4, alƙaluma biyu na ƙarshe kaɗai ake duba. Don 8, uku na ƙarshe. Don 16, huɗu. Dalili kuwa shi ne 4 na raba 100, 8 na raba 1000, 16 na raba 10 000, don haka duk abin da ke gaban wutsiyar ya riga ya rabu. A nan 00 da 000 sun wuce. Amma 7000 ÷ 16 = 437,5, ba ta rabu ba. Ke nan 2 za ta shiga sau uku ne kacal. Haka ake yi wa 25 da 125, su ma sun wuce.

Don 3 da 9 sai a tara alƙaluman: 1 + 2 + 6 + 7 = 16. In ka raba 16 da 3, saura 1. In da 9, saura 7. Wannan saurar ita ce ainihin saurar babbar lambar, ka ajiye ta, za ta yi amfani gaba. Abin yana aiki ne don 10 tara ce da ɗaya, 100 kuma 99 da ɗaya, haka har sama. Kowane alƙalami kansa kawai yake bari a matsayin saura.

Don 11, ka soma daga dama kana tarawa kana ɗebewa bi da bi: 0 − 0 + 0 − 7 + 6 − 2 + 1 = −2. Tun da ba sifili ba ne kuma ba ninkin 11 ba ne, 11 ba ta raba ta. In sakamako ya fito ƙasa da sifili, ka ƙara masa 11 ka sami saura: 9. Masu somawa daga hagu suna samun amsar "ta rabu ko ba ta rabu ba" daidai, amma saurarsu takan juye in yawan alƙaluman cika ne.

Bakwai ce ke ba mutane tsoro, alhali akwai hanya mai sauƙi da ke ɗauke 7 da 11 da 13 a tashi ɗaya, domin 7 × 11 × 13 = 1001. Ka ɗauki rukunonin uku-uku daga dama, ka ɗebe ka tara: 000 − 267 + 1 = −266. Yanzu 266 kawai za ka gwada. 7 × 38 = 266, to 7 na raba lambarmu. 11 × 24 = 264, saura 2, ya dace da −2 ɗin da muka samu. 13 × 20 = 260, saura 6, ba ta rabu ba; tun da −266 ƙasa da sifili take, saurar lambarmu 13 − 6 = 7 ce.

A nan ake yawan yin wani kuskure. Mutum ya ga 2 da 3 sun raba lamba, ya ce 6 ma ta raba ta, kuma gaskiya ne. Sai ya ɗauka haka abin yake ko'ina, ya gwada 12 da 2 da 6. Ga 18: 2 na raba ta, 6 na raba ta, 12 ba ta raba ta. Haɗin yana yiwuwa ne kawai in lambobin biyu ba su da wani mai raba su tare. Don 12, sai 3 da 4. Don 24, sai 3 da 8.

Warware ta

Ka ja layi a tsaye, lamba a hagu, mai rabawa a dama. Amma in akwai sifili a wutsiya kada ka ɓata lokaci kana rabi-rabi. Cire su gaba ɗaya: 1 267 000 = 1267 × 1000, kuma 1000 = 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5. Saura 1267. Mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, 3 ba ta shiga. Mun san 7 na shiga: 1267 ÷ 7 = 181.

Kada ka wuce zuwa 11 tukuna. Ka sake gwada 7 a kan 181, don gagara-rabo ɗaya na iya shiga sau biyu ko fiye, kuma mantawa da haka yana ɓata duk lissafin da ke biye. 7 × 25 = 175, saura 6. Sai 11: 11 × 16 = 176, saura 5. Sai 13: 13 × 13 = 169, saura 12. Ta gaba 17 ce, amma 17 × 17 = 289, ya wuce 181, nan za ka tsaya. Hujjar tsayawar ita ce, in lambobi biyu suka ninku suka ba da 181, ba yadda za a yi dukansu su fi 13 da ɗan kai. Dole ɗaya ta zama ƙarama, kuma mun gwada ƙananan duka. Ke nan 181 gagara-rabo ce.

1 267 000 = 2³ × 5³ × 7 × 181

Ƴar lambar da ke sama tana faɗin sau nawa aka ninka ta ƙasan da kanta. Inda ba a rubuta ba, 1 ce.

Wani abu a gefe. Sifilin nan uku sun zo ne don an daidaita faɗin ƙasar zuwa dubu mafi kusa, ba wanda ya auna Tenere da igiya. Saboda haka 2³ da 5³ halin lambar ne, ba su faɗin kome game da Nijar. Masu neman asiri a cikin lambobin ƙidaya su lura da wannan.

Maƙwabciyar da ba ta sakin jiki da wuri

Lambarmu ta yi sauƙi. Ƙara mata ɗaya ka ga aiki: 1 267 001.

Ba sai ka sake gwajin farko ba. Duk abin da ya raba 1 267 000 zai bar saura 1 a nan, don haka 2, 5, 7 da 181 sun fita. Saurar 3 ta tashi daga 1 zuwa 2, ta 11 daga 9 zuwa 10, ta 13 daga 7 zuwa 8. Ba wadda ta kai. Sai 17: saura 8. Sai 19: saura 5. A nan ne ɗalibi kan gaji ya rubuta "gagara-rabo ce", ya faɗi. Iyakar gwajinta ita ce saiwarta, lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, wato 1125 da ɗan kai, kuma gagara-rabo 188 ne a ƙasa da wannan iyakar. Takwas kawai aka gwada.

In da na'ura kake neman saura, ga yadda ake yi. Raba 1 267 001 da 19, za ka ga 66 684 da ɓangare. Yar da ɓangaren, ninka 66 684 da 19, ka sami 1 266 996, ka ɗebe daga lambar, saura 5. Alƙaluman da ke bayan waƙafi ba su ne saura ba. Mai ganin 0,26 ya rubuta "saura 26" ya kauce.

Da hannu kuwa, ɗebe manyan ninki ya fi dogon rabawa sauri. Ga 23: 23 × 50 000 = 1 150 000, ɗebe, saura 117 001. 23 × 5000 = 115 000, ɗebe, saura 2001. Kuma 23 × 87 = 2001 cif. Ta rabu: 50 000 + 5000 + 87 = 55 087.

Yanzu aiki ya ragu sosai, domin iyaka ta sauko daga 1125 zuwa 234. Kuma ba a komawa baya: abin da bai raba uwar ba, ba zai raba 55 087 ba. Daga 23 za ka ci gaba. 23 ta bar saura 2, 29 ta bar 16. Sai 31: ɗebe 31 000, saura 24 087; ɗebe 21 700, saura 2387; 31 × 77 = 2387. An sami 1777. Ita kuma gwaji uku ya ishe ta: 31 ta bar 10, 37 ta bar 1, 41 ta bar 14, kuma 43 × 43 = 1849 ya wuce ta.

1 267 001 = 23 × 31 × 1777

Ka kiyayi ƙananan lambobin da ke shigar burtu a cikin jerin gagara-rabo: 51 (3 × 17), 87 (3 × 29), 91 (7 × 13), 119 (7 × 17), 133 (7 × 19), 143 (11 × 13), 161 (7 × 23). Ita 91 ta fi kowace kayar da mutane. In ka tsaya a kan ɗaya daga cikinsu kana zaton ka kai ƙarshe, ƙidayar masu rabawa za ta fito ƙasa da gaskiya.

Akwai lambobin da wannan hanya ke gajiyarwa, waɗanda manyan gagara-rabo biyu makusanta suka haɗa. Misali 1 254 391. In ka bi jeri, sai a gwaji na 187 za ka dace. Pierre de Fermat, a Faransa a ƙarni na 17, ya bi ta wata ƙofar: nemi murabba'i na farko da ya fi lambar, ka ɗebe, ka ga ko bambancin ma murabba'i ne. 1120 × 1120 = 1 254 400, bambanci 9, wato 3 × 3. Ke nan lambar ita ce (1120 − 3) × (1120 + 3) = 1117 × 1123. In na farko bai ba da murabba'i ba, ka gwada 1121, 1122, kamar sau goma. In shiru, koma jeri. Shawararmu ita ce, da zarar lambar mara ta tsallake gwaji har 50, a leƙa ta wannan ƙofar kafin a ci gaba.

Masu raba ta nawa ne, kuma su wane ne

Ƙara 1 a kan kowace ƴar lambar sama, ka ninka su. Ga 1 267 000: 4 × 4 × 2 × 2 = 64. Ana ƙara ɗayan ne don mai rabawa na iya ɗaukar 2 sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ko ya bar ta ɗungum. Zaɓi huɗu ke nan. Wanda ya manta da ƙarin zai sami 9.

In ana son jerin, kada a yi ta lalube. Rubuta masu raba 1000, su 16 ne: 1, 2, 4, 5, 8, 10, 20, 25, 40, 50, 100, 125, 200, 250, 500, 1000. Wannan layi na farko. Ninka layin da 7 ka sami na biyu, da 181 na uku, da 1267 na huɗu. Layi huɗu, kowane 16, an cika 64. Don dubawa, ka haɗa su bibbiyu, ƙarami da babba: 1 da 1 267 000, 2 da 633 500, har ka zo tsakiya inda 1000 ta gamu da 1267. In wata ta rasa abokiya, akwai kuskure a layinta.

Nan ne abin ke da amfani a wajen aji. A ce ribar albasar Galmi ce, tamma 1 267 000, za a raba wa ƴan ƙungiya daidai wa daida. Mutum 7, kowa jaka 181. Mutum 14, kowa 90 500. Mutum 28, kowa 45 250. Mutum 35, kowa 36 200. Amma mutum 3, 6, 9 ko 12, ba za ta taɓa fita cif ba, don babu 3 a cikin ginin lambar. Haka a lissafin gado: rabi yana fita, rubu'i yana fita, tumuni ma yana fita, 158 375, sulusi da sudusi kuwa sai da ɓangare. In asalin mas'alar 24 ne, tamma 16 za su yi saura.

Lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa mai rabawa da ita ba sai 1, su ma ana ƙidaya su daga ginin, ta hanyar da Leonhard Euler ya shimfiɗa. Ga kowace gagara-rabo, ɗebe mata 1, ka ninka da sauran hawanta: 2³ ta ba da 1 × 2 × 2 = 4, 5³ ta ba da 4 × 5 × 5 = 100, 7 ta ba da 6, 181 ta ba da 180. Ninka duka: 4 × 100 × 6 × 180 = 432 000.

Mai rara, mai giɓi, ko kammalalliya

Wannan rabe-raben tsoho ne, tun wajen shekara ta 100 masanin lissafi Nikomakus ya rubuta shi da Girkanci. Ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta fi lambar, mai rara ce. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta zo daidai, kammalalliya ce, kamar 6 = 1 + 2 + 3 da 28 = 1 + 2 + 4 + 7 + 14.

Ba sai ka tara lambobi 64 ba. Tara hawan kowace gagara-rabo daban, ka fara da 1:

1 + 2 + 4 + 8 = 15
1 + 5 + 25 + 125 = 156
1 + 7 = 8
1 + 181 = 182

Ninka: 15 × 156 = 2340, 8 × 182 = 1456, 2340 × 1456 = 3 407 040. Wannan jimla ta haɗa da lambar kanta, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa su kwatanta, sai kowace lamba ta fito musu mai rara. Dole ka ɗebe ta: 3 407 040 − 1 267 000 = 2 140 040. Ya fi 1 267 000 nesa, lambar mai rara ce.

In rukunin kawai ake tambaya, akwai gajeriyar hanya. Duk ninkin lamba mai rara, mai rara ne, haka ma ninkin kammalalliya in ya fi ta. 20 mai rara ce (1 + 2 + 4 + 5 + 10 = 22), kuma tana raba lambarmu, magana ta ƙare. Sai dai kada a ɗauka rara ta cika ce kaɗai: 945 mara ce, kuma ita ce mara ta farko mai rara.

Maƙwabciyar kuwa masu raba ta takwas ne. Ban da ita: 1, 23, 31, 713, 1777, 40 871, 55 087, jimla 98 503. Mai giɓi ce ƙwarai. Tazarar ɗaya tak ke tsakaninsu, amma ɗaya na da 64, ɗaya na da 8. Halin lamba ba ya bin na kusa da ita.

Kammalallu ba sa buƙatar gwaji a wannan girman. Bayan 6, 28, 496 da 8128, ta gaba sai 33 550 336, ba ko ɗaya mai alƙaluma bakwai. Akwai kuma aminai, lambobi biyu da jimlar kowace ke ba da ɗayar, kamar 220 da 284; Sabitu bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar nemo wasunsu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Murabba'i da danginsa

Lamba tana zama murabba'i ne in duk ƴan lambobin samanta cika ne. Namu 3, 3, 1, 1 ne, duka mara, don haka ba murabba'i ba ce. Kuma ginin ya nuna abin da ya rage: ninka ta da 2 × 5 × 7 × 181 = 12 670, ka sami 126 700 × 126 700.

In ba ka warware lambar ba tukuna, akwai gwajin kora. Murabba'i ba ya ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8. In ya ƙare da sifili, yawansu cika ne. Namu uku ne, an kore ta. Saurarsa a kan 9 kuma 0, 1, 4 ko 7 ce kaɗai. Lambarmu ta bar 7, ta tsallake wannan, alhali ba murabba'i ba ce. Waɗannan gwaje-gwajen korewa suke yi, ba sa tabbatarwa.

Neman saiwa da hannu: 1100² = 1 210 000, 1200² = 1 440 000, tana kusa da na farko. Ga lambar da ta ƙare da 5 akwai dabara: 1125², ninka 112 da 113 ka sami 12 656, ka liƙa 25 a baya, 1 265 625. Na gaba, ƙara 1125 da 1126, ka sami 1 267 876. Lambarmu da maƙwabciyarta duka suna tsakani.

Ko za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu? Duba gagara-rabon da ke barin saura 3 in an raba su da 4, irin su 3, 7, 11, 19, 23. In ɗaya ta fito da ƴar lambar sama mara, ba zai yiwu ba. Muna da 7 sau ɗaya, an rufe ƙofa, kada ka ɓata dare kana nema. Murabba'i uku kuwa yana yiwuwa: raba lambar da 4 har ta ƙi, ka sami 316 750, raba da 8, saura 6, saura 7 ce kaɗai ke hanawa. Don nemo su, raba da 100 ka yi aiki da 12 670. Ɗebe 112² = 12 544, saura 126, ita kuma tana ɗauke da 7, bar ta. Ɗebe 111² = 12 321, saura 349 = 324 + 25. Ke nan 1110² + 180² + 50² = 1 232 100 + 32 400 + 2500 = 1 267 000.

Sauran da sauri. Lambar dala, wato jimlar 1 + 2 + 3 har wani wuri: ninka da 8 ka ƙara 1, ka ga ko murabba'i ne. 10 136 001 ta faɗa tsakanin 3183² da 3184², ba ta ciki. Jerin Fibonacci, inda kowace lamba jimlar biyun da suka gabace ta ce, ya yi tsalle daga 832 040 zuwa 1 346 269, nan ma ba ta ciki. Jimlar alƙalumanta 16 ba ta raba ta. Masu raba ta na mara 16 ne (4 × 2 × 2), ɗebe ɗaya, hanya 15 ke nan ake rubuta ta a matsayin jimlar lambobi masu bin juna. Mafi sauƙin gani ita ce bakwai ɗin da ke kewaye da 181 000, daga 180 997 zuwa 181 003.

Don rubutun kwamfuta na 0 da 1, ɗebe hawan 2 (2, 4, 8, 16 har sama) mafi girma kana sauka: 1 048 576, 131 072, 65 536, 16 384, 4096, 1024, 256, 32, 16, 8. Sakamako: 1 0011 0101 0101 0011 1000. Sifili uku na wutsiya dole su dace da 2³. In ba su dace ba, ka yi kuskuren ɗebewa.

Duba aikin

Ninka ginin ka ga ko ya dawo da lambar. Gwajin tara ya fi sauri: 8 ta bar 8, 125 ta bar 8, 7 ta bar 7, 181 ta bar 1. 8 × 8 = 64, ta bar 1; 1 × 7 × 1 = 7, daidai da saurar da muka ajiye. Amma gwajin tara makaho ne a wuri biyu: ba ya ganin sifilin da ya ɓace, kuma ba ya ganin alƙaluman da suka yi musayar wuri. Wanda ya kwafi 1 276 000 maimakon 1 267 000 zai sami 16 ɗin nan dai. Gwajin 11 ne ke kama shi, don 1 276 000 na rabuwa da 11, tamu kuwa saura 9 take bari. A yi su tare.

In lambar ta fi ƙarfin hannu

Na'ura ma tana da iyaka. Ta ƴan kasuwa galibi alƙaluma 12 take ɗauka, kuma 1 267 000 sau kanta 1 605 289 000 000 ne, alƙaluma 13. Excel yana riƙe alƙaluma 15 ne, sauran ya maishe su sifili ba tare da ya yi gargaɗi ba, sai kowace doguwar lamba ta fito cika mai rabuwa da 10. In lamba ta wuce haka, a yi amfani da abin da ke riƙe ta ɗungurungum, kamar manhajar Python ko PARI/GP.

Wani gwajin da na'ura ke iya yi na Fermat ne: ninka 2 da kanta sau lambar ban da ɗaya, ka raba da lambar. In saura ba 1 ba ce, tabbas lambar haɗaɗɗiya ce. In 1 ce, ba tabbas. Ga 341: 2¹⁰ = 1024 = 3 × 341 + 1, don haka 2³⁴⁰ ma saura 1 za ta bari, alhali 341 = 11 × 31. Ita 561 = 3 × 11 × 17 ta fi haka wayo, tana tsallake gwajin da kowace lambar da ba ta haɗa mai rabawa da ita ba. Shi ya sa manhajoji suka koma gwajin Miller da Rabin, wanda ke kama irin waɗannan. Shi kansa Fermat ya zaci 4 294 967 297 gagara-rabo ce, sai a 1732 Euler ya nuna 641 × 6 700 417 ce.

Tabbatar da cewa lamba haɗaɗɗiya ce abu ne, gano waɗanda suka haɗa ta wani abu ne daban, kuma na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba. An tabbatar da gagara-rabo mai alƙaluma 41 024 320 a Oktoba 2024, wato 2 sau kanta sau 136 279 841, a ɗebe ɗaya. Amma warware lamba mai alƙaluma 250 kacal, wadda manyan gagara-rabo biyu suka haɗa, sai a 2020 aka iya, da tarin kwamfutoci. A kan wannan wuyar aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA tun 1977. Saboda haka in manhaja ta ce maka lamba mai alƙaluma 100 ko fiye haɗaɗɗiya ce, sannan ta tsaya ba ta fitar da ginin ba, ba lalacewa ta yi ba. Abin da za ka iya rubutawa a kanta shi ne abin da gwajin ido da saura suka bayar, da ko murabba'i ce. Yawan masu raba ta da jimlarsu sai ginin ya fito.